Shekara 30 Ana Jiran Hukunci: Abin da Na Gani a Fim ɗin Ghosts of Mississippi

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan ƙungiyarmu ya gabatar a daren kallon fim na watan Fabrairu, bayan an gama kallo. Mun kawo shi yadda ya faɗa, sai ɗan gyara nan da can.)

  Na san an zauna sama da awa 2 ana kallo, ga ƙanshin shinkafa yana tasowa daga bayan zaure, saboda haka ba zan tsare ku da yawa ba. An ce in ɗan yi bayani a kan fim ɗin nan da muka gani, tunda da dama daga cikinku bana kuka zo ƙasar nan, wasu ma yau suka fara jin sunan Medgar Evers.

Da aka karanta hukuncin a ƙarshe na ji wani daga can baya ya ce, "Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo." Ni ma haka na ce ranar da na fara ganin fim ɗin. To amma ku riƙe mini wannan karin maganar, zan dawo gare ta, don ina da ja a kanta.

Bari mu fara da mutumin da aka kashe, tunda fim ɗin bai nuna shi ba sai na 'yan mintoci. An haifi Medgar Evers a 1925 a garin Decatur, jihar Misisipi. Ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai shi Turai. Da ya dawo, a 1946, shi da wansa Charles da wasu abokansu suka je jefa ƙuri'a a garinsu, fararen fata ɗauke da bindigogi suka tare ƙofa suka kore su. Mutumin da ya tsallake teku ya yi wa ƙasar yaƙi ke nan fa. Ya shiga kwalejin Alcorn, can ya haɗu da Myrlie, suka yi aure a 1951. Ya yi aikin sayar da inshora, yana yawo ƙauye-ƙauye yana ganin yadda manoman auduga baƙaƙe suke rayuwa cikin bashi. A 1954 ya nemi shiga sashen koyon aikin lauya na Jami'ar Misisipi, aka hana shi. A wannan shekarar ƙungiyar NAACP, mai fafutukar haƙƙin baƙar fata, ta naɗa shi wakilinta na farko a jihar.

Mene ne aikinsa? Yana bi gida-gida yana lallashin mutane su yi rajistar zaɓe. In an kashe baƙar fata, shi ke zuwa ya nemo shaidu, wani lokaci cikin kayan manoma don kada a gane shi. Haka ya yi a 1955 da aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14. Ya taimaka wa James Meredith har ya shiga Jami'ar Misisipi a 1962. Ya jagoranci ƙaurace wa shagunan birnin Jackson da ke karɓar kuɗin baƙaƙe amma ba sa ɗaukar su aiki. Kuma akwai abin da fim ɗin bai faɗa ba: babban ɗansa sunansa Darrell Kenyatta, sunan Jomo Kenyatta na Kenya ya sa masa. Mutumin nan idonsa na kan abin da ke faruwa a Afirka.

Na taɓa zuwa gidansa a Jackson, yanzu ya zama wurin tarihi. Ɗan ƙaramin gida ne, kuma ba shi da ƙofar gaba. Da gangan aka gina shi haka, ta rumfar ajiye mota ake shiga, don in ya sauko daga mota ya faɗa gida da sauri. Katifun yaran a ƙasa suke, don kada harsashi ya same su ta taga. Ya koya musu in sun ji ƙarar bindiga su kwanta, su ja ciki zuwa bahon wanka. A ƙarshen watan Mayun 1963 aka jefa kwalbar fetur mai wuta a rumfar motar nan. Ya san abin da ke tafe, bai gudu ba.

Daren 11 ga Yuni 1963 shugaba Kennedy ya yi jawabi a talabijin yana neman majalisa ta yi dokar 'yancin baƙar fata. Myrlie ta bar yaran su zauna su jira babansu. Sha biyun dare ta ɗan gota ya iso daga taro, ya fito daga mota rungume da riguna masu rubutun neman a kawar da dokokin wariya. Wani da ya ɓuya a cikin ciyayi, tsallaken titi, ya harbe shi a baya. Harsashin ya fita ta ƙirjinsa, ya fasa taga, ya huda bango, ya daki firji. Har yau hudar tana nan. Ya ja jiki har bakin ƙofa, matarsa da 'ya'yansa 3 suka fito suka same shi cikin jini. Bai cika awa 1 ba ya rasu a asibiti. Shekararsa 37. Aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.

To, kama wanda ya yi bai yi wuya ba. An tsinci bindigar a kusa da wurin, da zanen yatsa a jikin madubin saitinta. Yatsan Byron De La Beckwith ne, mai tallan takin zamani daga garin Greenwood, ɗan ƙungiyar fararen fata masu kare wariya. Cikin mako 2 yana hannu. A 1964 aka yi masa shari'a har sau 2, duka biyun aka tashi ba hukunci.

A nan sai na ɗan yi bayanin yadda kotun ƙasar nan take, don ya bambanta da abin da akasarinmu muka saba. A babban laifi irin kisa, ba alƙali ne ke cewa mutum ya yi ko bai yi ba. Mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, su ake kira juri. Su zauna su saurari shaidu, su shiga ɗaki su tattauna, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya. In dukansu suka ce bai yi ba, an wanke shi ke nan, kuma tsarin mulki ya hana a sake gurfanar da shi a kan wannan laifin. Haka ta faru da mutum 2 da suka kashe Emmett Till: juri ya wanke su a 1955, bayan 'yan watanni suka sayar wa wata mujalla labarin yadda suka kashe yaron, ba abin da aka iya yi musu. Amma in juri ya rabu, wasu nan wasu can, shari'a ta rushe ne kawai, ƙofa tana buɗe. Kuma laifin kisa ba ya tsufa a doka. Waɗannan abubuwa 2 su suka sa aka iya komawa kan Beckwith daga baya.

Su waye juri a 1964? Fararen fata maza zalla, duka sau biyun. Dalili kuwa, daga cikin masu rajistar zaɓe ake ɗebo su, kuma a lokacin baƙaƙen Misisipi da aka bari suka yi rajista ba su kai 7 cikin 100 ba, alhali sun haura kashi 40 cikin 100 na mutanen jihar. Mata kuma, fari ko baƙi, jihar ba ta yarda su zauna a juri ba sai 1968. Ana cikin shari'ar farko tsohon gwamna Ross Barnett ya shigo kotu ya miƙa wa wanda ake tuhuma hannu suka gaisa, a bainar jama'a. 'Yan sandan Greenwood suka rantse sun ga Beckwith a garinsu a daren, nesa da Jackson. A irin wannan yanayi, rabuwar da juri ya yi ma abin mamaki ce, kowa ya zaci wanke shi za a yi. A 1969 aka janye tuhumar. Beckwith kuwa har takarar mataimakin gwamna ya tsaya a 1967.

Fim ɗin ya ɗauko labarin ne daga 1989. A shekarar wani ɗan jarida, Jerry Mitchell na jaridar Clarion-Ledger, ya samo takardun sirri na wata hukuma da jihar ta kafa a 1956 don kare wariyar launin fata, da kuɗin haraji ake tafiyar da ita. Takardun suka nuna a shari'a ta biyu hukumar ta binciki waɗanda za a zaɓa a juri, ta taimaka wa lauyoyin Beckwith. Kun ga abin: gwamnati ɗaya, da hannun dama tana tuhumar mutum, da hannun hagu tana kare shi. Myrlie ta ɗauki wannan ta je ofishin mai gabatar da ƙara ta ce a sake buɗe shari'a. Aikin ya faɗa hannun mataimakinsa, Bobby DeLaughter, wanda Alec Baldwin ya fito a matsayinsa.

Da DeLaughter ya buɗe fayil, kusan wayam. Bindiga ta ɓace, rubutaccen bayanin zaman kotu ya ɓace, shaidu da dama sun mutu. Abin da kuka gani game da bindigar, wanda ya yi kama da ƙirƙirar masu fim, gaskiya ne: a gidan surukinsa marigayi, wanda alƙali ne, ya same ta, ya ajiye ta a matsayin abin tunawa. Rubutaccen bayanin shari'ar farko kuma, Myrlie ce take da kwafi, ta adana shi shekara da shekaru. Da shi aka karanta wa sabon juri abin da matattun shaidu suka faɗa a 1964. Sai kuma bakin Beckwith kansa. Ya daɗe yana alfahari da abin da ya yi, kuma a cikin masu sauraronsa a wani taron ƙungiyar Ku Klux Klan akwai Delmar Dennis, wanda a ɓoye yake kai wa hukumar FBI rahoto. Shi da wasu suka zo suka ba da shaida. A 1991 har gawar Medgar aka tono aka sake bincike. Ƙaramin ɗansa, wanda yake ɗan shekara 3 lokacin kisan, ya je ya ga fuskar mahaifinsa.

An sake tuhumar Beckwith a Disamban 1990, aka sha fama kafin a dawo da shi daga jihar Tennessee. Ranar 5 ga Fabrairu 1994 juri mai baƙar fata 8 da farar fata 4 ya same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Yana ɗan shekara 73. Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da hukuncin a 1997, ya mutu yana ɗaure a Janairun 2001.

Yanzu ga abin da nake so ku tafi da shi. Ku sake duba juri ɗin nan na 1994. Daga ina baƙaƙe 8 suka fito? Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ce ta buɗe rajista, cikin shekara 2 baƙaƙen Misisipi masu rajista suka kai kusan 60 cikin 100. Wato rajistar nan da Medgar yake bi ƙofa-ƙofa yana roƙon mutane su yi, wadda saboda ita aka kashe shi, ita ce ta samar da mutanen da suka hukunta wanda ya kashe shi. Bindigar 1964 ita ce ta 1994, zanen yatsan shi ne dai. Abin da ya canza shi ne waɗanda suka zauna a kujerun nan 12. Fim ɗin bai tsaya ya nuna wannan ba.

Kuma nan ne na fi jin haushin fim ɗin. Rob Reiner ne ya ba da umarni, ya fito a Disamban 1996, kuma tun a lokacin masu sharhi suka ce an ɗauki labarin baƙar fata an mai da shi labarin farin lauya. Muna ganin yadda auren DeLaughter ya mutu, yadda ya sami sabuwar mata, yadda ya daina rera wa 'yarsa tsohuwar waƙar nan ta 'yan Kudu. Whoopi Goldberg kuwa, da ta fito a matsayin Myrlie, mafi yawan lokaci tana kan waya ne tana sauraron rahoto. James Woods da ya fito a Beckwith, shi aka sa a jerin masu neman kyautar Oscar. Lauya da makashi sun cinye fim ɗin, mamaci da matarsa suna gefe.

Alhali ku ji wace ce Myrlie. An bar ta da marayu 3 tana ɗan shekara 30. Ta kwashe su ta koma jihar Kalifoniya, ta koma aji, ta gama digiri a kwalejin Pomona a 1968. Ƙannena mata da ke haɗa karatu da raino, ga yayarku nan. Ba ta daina bibiyar shari'ar mijinta ba. Shekara 1 bayan hukuncin aka zaɓe ta shugabar hukumar gudanarwar NAACP, kuma a 2013 ita ta yi addu'ar buɗe bikin rantsar da Obama karo na biyu.

Ban ce DeLaughter bai yi ƙoƙari ba. Ya yi, an yi masa barazana, danginsa da abokansa da yawa sun juya masa baya. Kuma iyalan Evers ba su ƙi fim ɗin ba: 'ya'yan Medgar maza 2 sun fito a matsayin kansu, 'yarsa Reena ta fito a cikin juri, wadda ta fito a matsayin Reena kuma Yolanda King ce, 'yar Martin Luther King. Sai dai rayuwa ta ci gaba bayan an kashe kyamara. DeLaughter ya zama alƙali, a 2009 ya amsa laifin yi wa binciken gwamnatin tarayya zagon ƙasa a wata badaƙala da ta shafi wata shari'a da ke gabansa, aka ɗaure shi wata 18. Wannan bai goge abin da ya yi a 1994 ba. Amma ku da kuke karatun lauya ku lura: in adalci ya rataya a wuyan gwarzo ɗaya, ranar da gwarzon ya zame fa? Abin da ya riƙe shari'ar nan takarda ce da aka adana, da ɗan jarida da ya tono, da doka da ta bar ƙofa a buɗe, da matar da ta ƙi haƙura.

To mu koma kan jifa. Na Beckwith ya faɗo, amma ba da kansa ba, janyo shi aka yi. Kuma ya faɗo bayan mutumin ya ci shekara 30 ba a hukunta shi a kan kisan ba, har ya tsufa, yayin da 'ya'yan Medgar suka girma ba uba. Waɗanda suka kashe Emmett Till sun mutu ba a taɓa hukunta su a kan kisan ba. Shin hukuncin da ya zo bayan shekara 30 adalci ne? Ni dai abin da zan ce, bai biya ba, amma ya yi amfani. Bayansa aka ɗaure Sam Bowers a 1998 saboda kisan Vernon Dahmer na 1966. Aka ɗaure mutum 2, a 2001 da 2002, saboda bam ɗin da ya kashe 'yan mata 4 a cocin Birmingham a 1963. Aka ɗaure Edgar Ray Killen a 2005 saboda matasa 3 masu rajistar zaɓe da aka kashe a 1964. Shari'ar Evers ce ta nuna ana iyawa. Haƙurin da na ga ya dafa dutse a nan, haƙuri ne mai bin fayil yana buga waya. Wanda ya naɗe hannu ya ce ya bar wa lokaci, shaidunsa mutuwa suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Saura magana ɗaya, kuma da kaina zan fara. Makon farko da na sauka ƙasar nan, wani ɗan gida da ya riga ni zuwa ya ja ni gefe ya ce in yi nesa da baƙaƙen Amurka, wai ba su son karatu, sai rigima. Wallahi na ɗauka, na yi kusan shekara 2 ina kallon su da wannan idon. Na san wasunku an faɗa muku irin wannan, har da sunan raini da ake kiran su da shi. To ku ji. A 1957 ministan kuɗi na Ghana, Komla Gbedemah, ya tsaya a wani gidan abinci a jihar Delaware, aka ce baƙar fata ba ya zama ya ci a ciki. Sai da shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa don a wanke abin kunyar. A 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa ta zuwa Washinton ya kama aiki, aka hana shi abin sha a jihar Maryland. Minista da jakada ke nan, ina ga ɗalibi irina da ku? Nkrumah da Azikiwe da suka zo karatu tun kafin nan, jami'ar baƙar fata ta Lincoln ce ta karɓe su.

Dokar 1964 ce ta hana a kore ka daga gidan abinci ko otal saboda launinka, ita ta hana jami'ar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wariya. Dokar shige da fice ta 1965 ce ta soke tsarin da ya fifita Turawa, wadda ta buɗe hanya ga yawancin 'yan Afirka da suka zauna a nan daga baya. Ba mu muka yi wannan gwagwarmayar ba, mun zo mun tarar an share hanya. Kakannin wannan ɗan ajin naka da kake wa kallon raini, su aka daka, su aka ɗaure, wasunsu aka harbe a ƙofar gida. Wanda ya sha inuwa bai kamata ya zagi mai dashen itacen ba.

Saboda haka roƙona kaɗan ne. A wannan wata da ake tunawa da tarihin baƙar fata, in ƙungiyar ɗalibai baƙaƙen jami'arku ta shirya taro, ku je ku zauna ku saurara. Waɗanda ke New York, akwai kwaleji a Brooklyn mai sunan Medgar Evers, yanzu kun san mai sunan. Wanda hanya ta bi da shi Jackson, filin jirgin da zai sauka ma sunansa yake ɗauke da shi, ya daure ya je ya ga gidan. Kuma duk wanda a danginsu ko garinsu aka zubar da jinin wani aka share maganar, ya koyi abu ɗaya daga Myrlie: a rubuta, a sa kwanan wata, a adana sunayen shaidu, a ajiye kwafi a inda ba zai ɓace ba. Ba ka san shekarar da za a buɗe ƙofa ba.

 Inda na yi kuskure a gyara mini, wanda maganata ta sosa wa rai ya yafe ni.  A zuba abinci.